Littafin da Na Kawo Gida, Baba

Assalamu alaikum Baba. Gaisuwa da ladabi daga ɗanka Bashiru, da fatan kabari ya yi maka sanyi.

Akwai maganar da na rasa wanda zan kai wa tun da ka rasu. A jami'a, cikin darussan nazarin addinai, an sa mu ɗauki gabatarwa ga Littafi Mai Tsarki na Kirista da yadda suke fassara shi. Na ɗauka, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Da ka ga ranar farko da ka yi dariya. Malamarmu, wata dattijuwa Kirista, tana karantawa tana bayani, ni kuwa duk inda ta numfasa sai in ce "na'am", yadda muke yi a zaurenka na Gummi idan kana biya mana littafi. Sai da aji ya fashe da dariya na gane ni kaɗai nake amsawa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in ci gaba, ta daɗe ba ta samu mai saurare haka ba.

Tana koya mana mu tambayi kowane nassi: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, da wane harshe, me ke faruwa a lokacin. Sai na riƙa tuna ka, yadda ba ka barin mu fassara aya sai mun san sababin saukarta. Kakan ce, "In za ka ba da labarin mutum, ji daga bakinai tukuna." Imanina yana inda ka bar shi, Baba. Na dai daina faɗin abin da ban sani ba a kan mutane.

Yaya Sani bai ga haka ba. Ya aiko mini cewa muddin ina wannan karatu, ba zan zauna kan buzunka in biya wa kowa ba.

Shekaranjiya na dawo hutu. Ya shigo ɗakina ya tarar da jakata a ƙasa, littafin ya leƙo. Ya tambaya ko akwai sunan Allah a ciki. Na ce akwai. Ya sunkuya ya ɗauke shi da hannu biyu, ya ɗora bisa durowa, ya fita. Har yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, buzun kuma yana naɗe.

Ban yi fushi da shi ba, don tsoron Allah ne ya sa shi. Amma ina kewarka ƙwarai. Kai kaɗai ne da ka ce "bar shi ya karanta" magana ta ƙare, ko ka ce "aje" in aje ba musu.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya daidaita 'ya'yanka biyu kafin su iske ka.

Ɗanka,
Bashiru