Takalman Shinpei

Tsuruoka, farkon sanyi

Baban Kanae,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya Nagoya, yaya kuma wannan tarin da kake cewa ba komai ba ne? Na ji Kanae ce ke yi maka girki yanzu, to ina yi maka jaje. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka da magana sai "to" da "haka ne", ni kuwa cikina cike yake.

Likita ya faɗa mini gaskiya. Karayar ƙugun ba ita ce damuwar ba, zuciyar Mama ce ta gaji, kuma ba ya jin za ta ga narkewar ƙanƙarar bana. Ita ma ta sani. Abu ɗaya kawai ta roƙe ni: tana so ta ga Shinpei kafin ta tafi. Na ce mata to. Ban san me ya sa na ce to ba.

Ka san ƙanen nawa. Kusan shekara ashirin ke nan yana ɗakin sama, tun da ya dawo daga kamfanin nan ya rufe ƙofa. Ba ya sauka wanka sai ya ji gidan babu kowa. Yanzu ni na gaji aikin Mama: shinkafa, miyar miso da gasasshen kifi a kan tire, in ajiye a bakin ƙofarsa, in sauko. Bayan ɗan lokaci tiren ya fito wayam. Na gaya masa halin da ake ciki ta bayan ƙofa, na yi lallashi, na yi masifa. Ko tari bai yi ba. Ina jin haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Jiya tsohuwa Ozeki, maƙwabciyar Mama, ta kawo lemo. Bakinta na gaishe ni, idonta na kan dandamalin da ake cire takalma a bakin ƙofa yana ƙirga mutanen gidan. Nawa ne kawai da na Mama. Ta ce, "Shinpei fa? Aikin Sapporon ne bai bar shi ya leƙo uwarsa ba? 'Ya'ya maza!" Na ce ai kin san aiki. Ƙaryar Mama ce, wai yana aiki a can, amma da sauƙi ta zauna a bakina.

Da na rasa dabara sai na tafi ɗakin karatu na gari. Na ce wa matar wurin ta ba ni duk abin da ya shafi mutumin da kansa ya ƙi shi. Ta haɗo mini kaya kamar mai haɗa miya: na gyaran tunani, na cututtukan ƙwaƙwalwa, na falsafar daidai da kuskure, har da wani na barkwancin masu shirya gawa, wanda ina jin kuskure ne ya kawo shi. Ni nake fara karantawa, sannan in ɗora a kan tire kusa da shinkafa.

Ka sha maganinka, kada ka sa ni tahowa jinyar mutum na uku.

Taka,
Fumie


Tsuruoka, bayan saukar ƙanƙara

Baban Kanae,

Ina gaisuwa. Da fatan sanyi bai taɓa ka ba, Kanae ma tana lafiya. Na ga saƙonka mai layi uku, na gode da ƙoƙari.

Ya yi magana, Norio. Shinpei ya yi magana.

Littafin gyaran tunani na fara kai masa, mai hoton wani mutum yana washe haƙora a bango. Ya dawo da tabon kofin shayi a tsakiyar fuskar mutumin. Ina ɗaukar tiren sai na ji murya, wata irin murya kamar ƙofar da ba a taɓa sa mata mai ba. Ya ce, "Yaya, wannan ya ce in tashi kullum in yi wa duniya murmushi. Na gwada da bango. Bai amsa ba." Na zauna a kan matakala ina dariya, hawaye na zuba, ban san wanne ya fara ba.

Na cututtukan kuwa ya daɗe a wurinsa. Da ya fito da shi sai ya ce, "Na ga kaina a wurare da yawa. Sai dai su nasu duk suna warkewa kafin babi ya ƙare." Wannan littafin ni ma ya hana ni sukuni. Na karanta alamomin ina neman ƙanena, sai na riƙa cin karo da Mama, wani lokacin ma da kaina. Na ce masa akwai likitocin da ke zuwa har gida. Ya ce, "Su je Sapporo."

Na masu shirya gawar bai dawo da shi ba. Ina wanke-wanke nakan jiyo shi yana dariya ta cikin silin. Da farko abin ya ba ni tsoro, uwarmu na kwance shi kuma yana ƙyaƙyatawa a kan gawa. Amma ka san tun yaushe rabon gidan nan da dariyar namiji?

Na falsafar ne ya haɗa mu faɗa. Marubucin ya dage cewa ƙarya laifi ce ko da tausayi ne ya sa aka yi ta. Na ce wa Shinpei wannan mutumin bai taɓa zama a unguwa irin tamu ba, Mama rufa masa asiri ta yi. Ya ce, "Ai ban yi ƙorafi ba, Yaya. Na ji an ce har ƙarin girma na samu. Wanda ke Sapporon ya fi ni komai, shi ya kamata ya je asibitin." Raina ya ɓaci, na ce, "Kai dai ka iya baki! Ita kai take nema, da gashinka da warinka da komai." Can ya ce, "Ta faɗi haka?" Na ce ta faɗa. Ba ta faɗa da waɗannan kalmomin ba, kuma marubucin nan ya yi ta kansa.

Mama tana ƙara narkewa. Duk sanda na shiga, ba ni take kallo ba, bayana take kallo. Ina jin tsoro, kuma na fara sa rai, wanda ya fi tsoron wahala.

A gaida Kanae, ka ce ta rage gishiri.

Taka,
Fumie


Tsuruoka

Norio,

Ina gaishe ka, da fatan kuna lafiya. Na riga na gaya maka a waya cewa Mama ta rasu. Sauran ne na kasa faɗa.

Da hantsi asibiti suka kira suka ce in zo yanzu. Na kira tasi, na tsaya a ƙasan matakala na ɗaga murya: "Shinpei, yau ce! In za ka zo, ina mota." Na fita na zauna. Direban ya yi haƙuri har ya gaji, ya danna oda. Labulen Ozeki ya motsa. Ƙofarmu ba ta motsa ba. Na ce mu tafi, ina zaginsa a zuciya har asibiti.

Na same ta da sauran numfashi. Ta kalli bayana kamar kullum. Na ce mata yana hanya. Ta rufe ido, ba ta sake buɗewa ba.

Da yamma na dawo da niyyar in fasa ƙofar ɗakin nan. Ina buɗe ƙofar gida sai na ga wani tsoho zaune a bakin dandamali, furfura har kafaɗa, sanye da kwat ɗin da ya fara zuwa aiki da ita, maɓallan ba sa haɗuwa. Ya yi aski da kansa, ya yanke haɓa. Ƙafarsa safa ce kawai. Kabad ɗin takalma a buɗe, ya zazzage komai a ƙasa: na Mama na ruwa, na Mama na biki, silifas na baƙi. Na kusa tambayarsa wa yake nema.

Ya ce, "Yaya, ina takalmana?"

Babu su, Norio. Mama ta kawar da su tun sanda ta ƙirƙiro Sapporo, don kada mai shigowa ya ga takalmin namiji. Ni ma kullum ina wucewa ta wurin, ina kai masa littattafai kan yadda ake fita, ban taɓa duba da me zai fita ba.

Na yi ihu na ce, "Da ka fito haka nan! Da safar!" Ya ce, "A kan ƙanƙara, a gaban tagar Ozeki? Babban ma'aikaci daga Sapporo?" Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya ce ya gwada na Mama, rabin ƙafarsa ne ya shiga, yana cikin kokawa da shi ya ji motar ta tashi. Sannan ya ce, "Na taɓa saukowa, tun a shekarun farko. Na tarar babu su. Sai na gane an riga an tura ni, na koma sama. Na ɗauka wannan karon an ajiye."

Na zauna kusa da shi a cikin takalman uwarmu. Ya tambaye ni ko ta ce wani abu, na ce ta san yana hanya. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya hau sama, na ji ƙofar ta rufe.

In za ku taho jana'iza, ka zo da baƙaƙen takalmanka ƙafa biyu. Ina jin ƙafarku ɗaya da Shinpei.

Taka,
Fumie


Tsuruoka

Baban Kanae,

Gaisuwa, da fatan kun isa lafiya. Na gode da zuwanku, da kuma yadda ka tare Ozeki da surutun yanayi har ta manta tambayarta. Ashe kana da baki in ka ga dama.

Ka ga dai bai sauko ba, ko wurin ƙona wa Mama turare, ko wurin ƙona gawar. Tun ranar bai sake magana ba. Na mayar da littattafan duka, ban da na masu shirya gawar, na ce wa matar ɗakin karatun ya ɓata. Takalmanka na jera su a dandamali, bakinsu na kallon ƙofa, inda duk mai shigowa zai gani. Ozeki ta gani. Na ce mata na Shinpei ne, yana sama, ya daɗe a sama. Ta ajiye lemonta ta tafi.

Yau da safe na tarar da su a jiƙe, bakinsu na kallon cikin gida. Na leƙa waje. Sawun takalman a kan ƙanƙara ya tafi har bakin titi, daidai inda tasin ta tsaya ran nan. A wurin ƙanƙarar ta tattake sosai, kamar an daɗe a tsaye. Daga nan ya juyo.

Na goge su na sake juya su. Kada ka jira ni da wuri, kuma ka sayi wasu takalman.

Taka,
Fumie