Gudumar Baba da 'Yar Italiya

Waziriyya, Jidda
4 ga Satumba

Zuwa ga mahaifina Malam Zaharadden,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Mariyamu da Hikima da yaranta. Yaya ciwon gwiwar? Yaya mutanen Ƙofar Ruwa? Ni ma lafiya lau nake, sai dai zafin Jidda da ba ya jin magana.

Na daina wahalar da kai da waya. Ranar sallah na yi ta ihu kana tambayar wa ke magana, har maƙwabta suka leƙo. Guduma ta riga ta karɓe maka kunne, amma ta bar maka ido, shi ya sa na koma takarda. Alhaji Rabi'u mai kai kaya Kano zai riƙa kawo maka.

Akwai abin da na ɓoye maka shekara shida. Duk lokacin da ka sa Hikima ta tambaye ni aiki, cewa nake ina fanel bita. Baba, ba na yi. A garejin da nake ba a bugun ƙarfe. In ƙofa ta lotsa a cire a sa sabuwa, in ba haka ba a cika wurin da fila, a goge, a fesa fenti, shi ke nan. Na ƙware a shafe har ana nuna ni. Gudumar da ka ba ni ranar da zan taho tana ƙasan akwati, ban taɓa kwance tsumman da ka naɗe ta da shi ba. Kunya ce ta hana ni faɗa.

Abin da ya sa na faɗa yau, wata mota ce. Kafilina Majid, wato ubangidana mai garejin, ya ɗauke ni zuwa Ammariyya gidan wani dattijo, Abdulghaffar. A nan aka haife shi. Kakansa ya taho hajji a ƙafa daga Katsina bai koma ba, don haka Hausarsa rabi ce, sauran yana cikawa da Larabci. Ya kai mu bayan gida ya sa aka yaye wani tamfol.

Baba, ni dai tsayawa na yi. Ƙirar Italiya ce ta 1972, ƙofa biyu, ja mai duhu irin na zoɓo. Rufinta bai kai ƙirjina ba. Hancin dogo, bayan ya gangara a hankali ya tsaya inda ya kamata. Sitiyarin katako ne, a baya kuma wata 'yar kujera ce da ko akuya ba za ta zauna da daɗi ba. Dattijon ya ce 'yan kaɗan aka yi, kuma da hannu aka buge jikinsu. Na rufe ido na bi ta da tafin hannu yadda ka koya mini. Tun daga fitilar gaba hannuna bai yi tuntuɓe ba sai a ƙugun hagu, saman tayar baya. Nan tsatsa ta ci har dunƙulen hannuna yana shigewa. Shekara goma sha tara tana ajiye, ga iskar teku, ga ruwan sama da ya taɓa kwanciya a tsakar gidan.

Ƙarshen Disamba su dattijon za su tashi su koma bene, inda babu wurin ajiye ta. Akwai wani Turki mai tara tsofaffin motoci, ya yarda ya karɓe ta ya ajiye a rumfarsa, dattijon kuma ya riƙa zuwa yana hawa duk ranar da ya so. Amma sharaɗinsa jikin ya zama ƙarfe zalla. Da mayen ƙarfe yake zuwa yana ɗorawa, duk inda ya ƙi kamawa ya san fila ce, ba zai ɗauka ba. In bai ɗauka ba sai tashlihi, wato inda ake yanka matattun motoci.

Majid ya ce ba a samun wannan ɓangare ko a Italiya, don haka magana ta ƙare. Ban san lokacin da bakina ya ce zan buga shi da hannu ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in na ga zan iya ɓata lokacina, ga lungun gareji nan.

Jiya na kwance tsumman. Shekara goma sha ɗaya na yi a gabanka, kullum "sake" nake ji, ban taɓa jin ka ce "ya yi" ba. Ina jin tsoro, amma na riga na yi magana a gaban dattijo. Ka sa ni a addu'a.

A gaida kowa da kowa. Ni ne ɗanka,
Lado

Waziriyya, Jidda
27 ga Oktoba

Baba,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata kana lafiya, Inna ma ta warware daga murar da Hikima ta ce ta yi.

Amsarka ta iso. Na buɗe ina jiran faɗa a kan shekara shidan nan, sai na ga layi biyu: kada in ba ƙarfe wuta da yawa, kuma in zan aiko hoto in aiko na ciki, ba na waje ba. Na karanta ya fi sau goma. Na san ka, faɗan yana nan ajiye sai na dawo.

Ga yadda nake ciki. Na samo kututturen darbejiya da aka sare a Sa'alaba, na fafe shi kamar naka. Na yanko faranti daga rufin wata tsohuwar mota a tashlihi, don kaurinsa ya zo daidai da nata. Na lanƙwasa waya a ƙugun dama mai lafiya na ɗauki siffarsa, na juya ta hagu. Na farko da na buga ya fito kamar murfin tukunya. Na biyu na yi gaggawa da wuta ya murɗe, ka ga maganarka ta fito tun kafin takardar ta huce. Na uku nake kai yanzu, kuma ya fara jin magana. Hannuna ya yi kanta, kafaɗata tana ciwo, amma rabon da in ji daɗin tashi da safe haka har na manta. Abokan aikina da suke mini tsiya da farko, yanzu in na fara bugu sai su rage rediyo.

Dattijon yana zuwa kusan kullum bayan la'asar, ya zauna a kan taya yana kallo. Na ce masa in na gama zan fesa mata sabon fenti gaba ɗaya ta fito kamar amarya. Ya ɗaure fuska ya ce ko kusa, fentin nan tare suka tsufa, inda na gyara kaɗai zan taɓa. Na so in yi musu, amma da na goge bonet ɗin da man goge fenti na ga irin jan da ya taso, sai na yarda da maganarsa.

Ya ba ni labarinta. Yana saurayi yana aiki a tashar jirgin ruwa, ya saye ta hannun wani injiniya Ba'italiye da zai koma gida. Ya ce a lokacin duk wanda ya ga ɗan Takari a ciki sai ya tambaye shi motar wane ne yake tuƙawa. Shi kuwa sai ya ƙi amsawa, ya fito ya jingina da ita yana kaɗa makulli. Da ita ya ɗauko matarsa Zakiya ranar aurensu. Shekarar da ta rasu ya sa tamfol ɗin.

Makaniken garejin ya wanke kafireta ya canza mai, ranar Talata injin ya tashi. Ba ƙara ce mai tsorata mutane ba, wani gurnani ne daga ƙasa, in an taka mai ya haura ya zama siriri. Dattijon ya juya baya yana gyara hularsa ya daɗe. Mu ma muka yi kamar ba mu gani ba.

Wani abu kuma da zai ba ka sha'awa. Da nake ƙwanƙwasa jikinta na ji ƙofofin da bonet ba su da murya ɗaya da sauran. Ashe alminiyon ne, don motar ta yi sauƙi. Mutanen nan sun san abin da suke yi.

Ka gaida mini abokanka na rumfa. Ɗanka,
Lado

Waziriyya, Jidda
22 ga Disamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata gida lafiya. Ka gyara zaman tabaranka, yau takardar da labari.

Turki ya zo ranar Asabar da hantsi. Mutum ne mai tsabta, ba ya son dogon zance. Ya zagaya motar sau ɗaya, na ga ta shiga ransa ko da yake bai ce komai ba. Sai ya ciro mayen ƙarfensa a aljihu ya ɗora a ƙofar direba. Ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sa a ɗaya ƙofar, ya sake faɗuwa. Ya sa a bonet, ya zame.

Baba, laifina ne. Na ɗauka kowa ya san maye ba ya kama alminiyon, shi ya sa ban gaya wa kowa ba. A nan kuwa motocin kasuwa suka saba gwadawa, in maye ya faɗi hukunci ɗaya ne. Majid ya kalle ni irin kallon da ake yi wa ɓarawo, don ya san ni da fila. Wannan bai dame ni ba kamar fuskar dattijon. Bai yi fushi ba, tambaya ce kawai a idonsa, shi da ya zauna wata uku yana kallon hannuna. Turki ya mayar da mayen aljihu ya ce halas, wato shi ke nan, ya nufi motarsa.

Na sha gabansa. Larabcina ba wani mai kyau ba ne, amma ranar ya ishe ni. Na roƙe shi ya tsaya, na ɗauko sukundireba na kwance fatar cikin ƙofar a gabansa. Ga alminiyon fari tas, ga sawun gudumar mutanen Italiya a jere tun shekara hamsin. Na ce ya ciro mayen ya sa ta ciki, inda babu fenti balle fila. Ya sa, ya faɗi. Sai ya yi dariya ya ce yau an koya masa abu.

Daga nan ya koma baya. Ya bi ƙugun dama da mayen, ya bi na hagu, taƙi bayan taƙi, ko'ina yana kamawa har sai ya sa ƙarfi yake cirewa. Ya tambaya wane gefe aka gyara. Majid zai faɗa na riƙe masa hannu. Na buɗe but na cire shimfiɗar, na ba Turki tocila na ce ya duba ta ciki ya gaya mana da kansa. Da ma na kankare gefen biyu na shafa musu maganin tsatsa iri ɗaya. Ya durƙusa da farar rigarsa ya daɗe yana haskawa, ya shafa nan ya shafa can. Da ya miƙe sai ya nuna dama, gefen da ba ni na buga ba.

Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa. Majid kuwa nan take ya fara cewa shi ya gano ni tun da daɗewa. Turki ya juyo ya tambaye ni a wane gari na Italiya na koyi aiki.

Na ce, "Ƙofar Ruwa, wurin Malam Zaharadden."

Bai san wurin ba. Dattijon ne ya yi masa bayani da Larabci, kuma daga yadda ya riƙa ɗaga hannu na ga ya ƙara gishiri.

Turki ya karɓe ta. Kafin a kai ta rumfarsa dattijon ya ce shi zai tuƙa, kuma ni zan zauna inda Zakiya take zama. Muka bi bakin teku da la'asar, gilas a sauke. Bai yi gudu ba, ba ya ma buƙata. A kowace danja sai an leƙo ana ɗaga waya. Wani matashi a babbar mota ya tambaye shi ta wane ne, sai ya amsa masa da Hausa, ya ce, "Tawa ce, wannan kuma shi ya tashe ta." Yaron bai ji ko kalma ba, amma ni na ji. Ban taɓa jin girman sana'armu kamar ranar ba.

Ga hotuna biyu na sa a ciki, na ciki kamar yadda ka ce. Ɗaya bugun Italiya, ɗaya nawa. An yanke su yadda ba za a gane hagu da dama ba, kuma ban rubuta komai a bayansu ba. Turki ya kasa, Majid ma da na gwada shi ya kasa. Hukuncinsu ya ceci motar, amma naka nake jira.

A gaida Inna, a ce mata na ƙara ƙiba. Ɗanka mai biyayya,
Lado

Waziriyya, Jidda
30 ga Janairu

Baba,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali.

Alhaji Rabi'u ya kawo ambulan jiya da rana ina tsakiyar aiki. Turki ya aiko da wata tsohuwar motar, kuma Majid ya sa an kwashe gwangwanayen fila daga lunguna. Na wanke hannu na buɗe, ban ga takarda ba sai hotunan nan biyu da ka dawo mini da su. Na ce a raina ko ba ka duba ba ne.

Sai na juya bayansu. Ka gane nawa, ban san ta yaya ba, ko da yake Alhaji ya ce ko minti ɗaya ba ka yi ba. Na ga abin da ka rubuta a bayansa da birona na makaranta da har yanzu kake ajiye da shi: "Ya yi." Na zauna a kan kututturen na kasa tashi, sai da makanike ya zo yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Na kai wa dattijon ɗaya hoton, na mutanen Italiya, don ya ga abin da ka rubuta musu. Na karanta masa sau biyu kafin ya yarda haka ka sa: "Wannan ma ba laifi." Ya ce in gaya maka zai sa shi a cikin motar, kuma in Allah ya kawo ka umara, kujerar gaba taka ce.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ni ne ɗanka, kuma yaronka na rumfa,
Lado