Tayoyin Kawu Osman da Hanyar Kumasi

Anti Kadiatu, don Allah ki taimake ni, kuma ki ba ni amsa kafin ƙarshen watan nan, domin ran huɗu ga watan gobe zan ɗauki mahaifiyata mu kama hanyar Kumasi. Na san wasiƙun da ake turo miki na aure ne da rikicin gado da yara masu ƙin makaranta. Tawa ta taya ce. Kada ki yi dariya tukuna, ki karanta har ƙarshe.

Shekarata talatin da huɗu, ina zaune a unguwar Vittin a Tamale, ina aiki da wani kamfani mai sayen man kaɗe a hannun mata yana fitar da shi waje. Shekara tara ina hawa babur zuwa cikin gari, ruwa ya dake ni, rana ta gasa ni, sau biyu akuya ta kayar da ni. A watan Nuwamba na sayi mota. Ƙarama ce, ja, mai ƙofa biyu, giyar hannu, irin wadda da ka ɗan taɓa ta sai ta zabura. Mutane sun yi ta surutu, wai mace da hankalinta me za ta yi da motar samari, ina za ta sa buhun masara. Ni dai ban saye ta don buhun masara ba. Ina son tuƙi, kuma ba yabon kai ba, na iya shi. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake duk wanda ya san motar ya riga ya san ni.

A gidanmu in mutum ya sayi abin hawa, ba ya fara yawo da shi sai ya kai shi gaban manya sun sa albarka. Kowa ya dafa, ya yi addu'a, ya ba da abin da ya sawwaƙa: wani turare, wani carbin ratayawa a madubi, wani kuɗin mai. Na gama da dangin Jisonayili, na ƙarasa Aboabo wurin yayan Mma, wato mahaifiyata. Bari in kira shi Kawu Osman. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu, shi ya koya mini babur, yana gudu a bayana yana riƙe da ƙarfen ɗora kaya har numfashinsa ya ɗauke. Fiye da shekara talatin sana'arsa sayar da tayoyin hom-yus, wato tsofaffin da ake saukewa daga Turai. Ya zagaya motar, ya danna farcensa a tayoyin da ta zo da su, ya girgiza kai, domin gaskiya sun suɗe. Ya ce in bar masa ita zuwa la'asar. Da na dawo, na tarar ya sa mini huɗu, waɗanda suka fi kowanne zurfin zane a shagonsa, waɗanda ya ɓoye wa wani babban kwastomansa. A gaban maƙwabtansa ya soka tsinken ashana a cikin zanen, kan ashanar ya ɓace gaba ɗaya. Na ciro kuɗi, ya harare ni. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka.

To, tun da zafi ya shigo a Fabrairu na fara jin motar ba ita ba ce. In na sha kwana sai in ji tana lilo, sitiyari ya yi laushi, ba ta jin magana kamar da. In na yi tafiya mai ɗan nisa na tsaya, sai warin roba ya tashi. Ranar wata Laraba wani mai yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ya faɗo gabana ba sigina. Na taka birki yadda ya kamata, amma motar ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Abin da ya rage tsakanina da wata mata mai goyo a bayan keken bai fi tafin hannu ba. Daga nan a hankali na ƙarasa ofis.

Direban kamfaninmu, Tahidu, ya yi shekara shida a Jamus. Da na ba shi labari sai ya tsuguna, ya nuna mini wani ɗan hoto a gefen tayar: dutse mai kai uku, da wani abu kamar fure a cikinsa. Ya ce alamar ƙanƙara ce. Tayoyin lokacin sanyi ne, robarsu mai laushi ce don ta kama titi inda ruwa ke daskarewa, a kwaltarmu kuwa sai ta ƙara yin laushi ta yi ta cinyewa. Ya kuma nuna mini lambobi huɗu masu faɗin mako da shekarar da aka ƙera taya. Biyu na 2015 ne, biyu na 2016. Ban tsaya ga maganarsa ba, na karanta littafin motar, na yi bincike da kaina, na ɗauki tocila na ga ƙananan tsagu a gefen biyu daga ciki. Ba ni da shakka ko kaɗan, tayoyin nan ba na hanyar Kumasi ba ne a watan Afrilu da tsakar rana.

Na riga na samo shagon da ke da sababbi, irin na zafi da aka yi wa ƙananan motoci masu gudu. Iri biyu mai shagon ya nuna mini. Ɗaya zanenta kaɗan ne, kusan sumul, ya ce da ita ake tsere, tana manne wa kwalta kamar danƙo. Ba zan ɓoye miki ba, ita raina ke so, domin akwai wani miƙaƙƙen wuri bayan Buipe da na taɓa ganin allurar gudu ta wuce ɗari da arba'in. Ɗayar tana da hanyoyin ruwa masu zurfi. Ya kuma ce in canza rim, ƙarfen da taya ke zama a kai, zuwa babba, taya ta ƙara sirancewa, wai motar za ta fi kyau.

Amma ba wannan ke hana ni sukuni ba. Duk Juma'a bayan masallaci ina zuwa gaishe da Kawu, kuma kafin ya amsa gaisuwata sai ya zagaya motar, ya shuri kowace taya, ya faɗa wa duk wanda ke kusa cewa ga takalman da ya sa wa 'yarsa. Ranar da na canza, ranar zai gani. Na gaya wa Mma, ta ce kyautar babba ba a cire ta, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma in har na kunyata yayanta a gaban 'yan kasuwa, to ita bas za ta hau. Aikin yanar ido za a yi mata, wata biyar muna jiran ranar nan, kuma ba na son a jijjiga mini ita a bas da bandeji a fuska.

Na yi tunanin in ce ƙusa ta huda su, amma wace ƙusa ce za ta huda huɗu rana ɗaya? Har na yi tunanin in sa sababbin don tafiyar, in na dawo in mayar da nasa kafin Juma'a. Kin ga inda kunya ta kai ni. Wace taya zan saya, kuma da wane baki zan gaya wa mutumin da ya ba ni mafi kyawun abin da yake da shi cewa bai yi ba?

Mai Jar Mota, Vittin.

Ƙanwata Mai Jar Mota,

Ban yi dariya ba, sai a wurin ƙusar nan. Bari in fara da mai sauƙin.

Kin yi daidai, tayoyin nan su sauka kafin Mma ta shiga motar. Ko ba alamar ƙanƙara, taya mai shekara tara ko goma da tsagu a gefe ta gama aikinta, komai zurfin zanenta. Ki sayi mai hanyoyin ruwan. Tayar zafi ta kirki ba ta tsoron ruwan sama, sanyi mai daskarewa kaɗai take tsoro, shi kuwa ba mu da shi. Amma waccan sumul ɗin ta filin tsere ce, damina kuma tana bakin ƙofa, kin san yadda ruwa ke kwanciya a titunanmu cikin minti goma. Maganar babban rim ki bar wa mai shago kayansa. Tayar motarki dama siririya ce, in kika ƙara rage ta, ramin farko kafin Kintampo zai ci tayar ya haɗa da rim ɗin.

Ki buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar mai faɗin girman taya da yawan iska. Ita za ki bi. Harafin gudu da lambar nauyi da ke gefen tayar kada su gaza abin da littafin motar ya ce. Inda aka rubuta jurewar zafi a gefen tayar, ki nemi mai harafin A. Lambobi huɗun da Tahidu ya koya miki, ki karanta su da idonki a kan kowace ɗaya, ta bana ko ta bara. Huɗu iri ɗaya, a daidaita ƙafafun motar bayan an sa, kuma ki duba safaya, ita ce kowa ke mantawa. Iska a auna da ma'auni da safe kafin taya ta yi zafi, ba da shuri ba. Ki sa su da mako guda kafin tafiyar, ki ɗan zaga gari su saba.

Sai kuma ɗari da arba'in ɗin nan da kika saka a tsakiyar wasiƙa kina tsammanin zan wuce ban gani ba. Na yarda kin iya tuƙi, amma saniyar da za ta tsallaka titi bayan Buipe ba ta san kin iya ba. Sabuwar taya don ki tsaya da wuri ce, ba lasisin ƙara wuta ba.

Yanzu Kawu. Kada ki ɗauke shi jahili. Tsinken ashanarsa ya yi wa direbobi aiki shekara talatin, kuma idonsa na ganin kumburi da ɓoyayyen faci da jabun taya waɗanda ke da littafinki ba za ku gani ba. Abu ɗaya ne ba a taɓa nuna masa ba, domin wanda ya loda kwantenar a Turai bai damu ya gaya masa ba. Mma ma tana da gaskiyarta: abin da take karewa mutuncin yayanta ne, ba roba ba. In kika tsare masa mutuncin, za ta shiga motarki ba gardama.

Saboda haka ki manta da ƙarya, ki manta da sa-a-cire. Mutumin da ya san taya kamar tafin hannunsa zai gane an kwance ƙusoshin ƙafa, kuma ranar da ya gane kin yi masa wayo, zafin ya fi na gaskiyar sau goma. Kada ki je shago, kada ki je ranar Juma'a. Ki same shi a gida shi kaɗai, da goronki a hannu. Ki fara da labarin matar nan mai goyo da tafin hannun da ya rage, yadda kika ba ni shi. Sannan ki roƙe shi ya fito ku tsuguna tare, ki nuna masa dutsen da lambobin, ki tambaye shi abin da ya gani game da tsagun. Durƙusa wa babba ba ya rage ki da komai. Daga nan ki ce ba za ki sayi taya ba sai ya raka ki ya zaɓa, kuma ba wanda zai ɗaura miki su sai shi, a shagonsa, da hannunsa. Ta haka ranar Juma'a zai shuri tayar ya ce shi ya sa wa 'yarsa, kuma bai yi ƙarya ba. Tsofaffin ki mayar masa da godiya, ki roƙe shi kada su hau motar wani.

Zai iya yin fushi. Zai iya yin kwana biyu ba ya ɗaga wayarki. Ki jure, ki ci gaba da gaisuwa, amma ko ya raka ki ko bai raka ki ba, tayoyin su sauka. Kuma ki yi sauri, domin jar mota mai ƙofa biyu ba ta da yawa a Tamale, kada wani ya riga ki karanta masa wannan shafin a bakin shago.

Kina tsoron ranar da zai ga kin cire tayoyinsa. Ni ranar da nake tsoro ita ce wadda za a kira shi bakin hanyar Kumasi, ƙanwarsa da 'yarsa a cikin mota, ya tsuguna ya ɗauki guntun roba ya gane tasa ce. Ya ba ki su ne don ki dawo gida. Ki ba shi abin da ya nema.

Allah ya ba Mma lafiya, ya buɗe mata ido ta ga jar motar da kyau, ya kai ku ya dawo da ku lafiya. Ki gaishe mini da Kawu.

Taki,
Anti Kadiatu