Tabarma Biyu a Cikin Mota

Jidda, watan Sha'aban, 1391

Zuwa ga Barakatu, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata, tauraruwar da ta raka ni tun daga gaɓar Sawakin har ƙasar nan mai tsarki. Amincin Allah ya tabbata a gare ki a inda kike kwance.

Na san babu ɗan aiken da zai kai miki wannan takarda. Amma wa zan gaya wa, in ba ke ba? Ina zaune a cikin motarmu, tsohuwar motar alhazan nan da muka cire wa kujeru muka mai da ita ɗaki. Na ajiye ta a bayan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kusa da teku. Labulen da kika ɗinka yana nan, gishirin iska ya cinye gefensa. Kaskon turarenki yana nan. Da la'asar, idan iska ta taso, kwanonin yajin da muke sayarwa sukan taɓa juna, sai in ji kamar awarwaronki ne, in waiwaya da sauri har wuyana ya amsa. Ba kowa. Wayyo Barakatu, ashe mota tana iya yin faɗi haka!

Kin tuna zuwanmu Ɗa'ifa na farko? Na sauko na yi alwala, na fuskanci mafitar rana kamar yadda iyayena da kakannina suka yi, na ɗaga hannu zan yi kabbara. Sai na ji kin ja bakin rigata kina dariya, wai na ba Ɗakin Allah baya, don a can Makka tana wajen faɗuwar rana. Ni da na yi karatu a gaban malamai! Tun ranar aikin ya zama naki. Duk rumfar shan gahawar da muka tsaya a hanya, kafin in kashe mota kin leƙa sama, kin dubi inuwa, kin shimfiɗa tabarma biyu, tawa a gaba, taki a baya. Gidanmu yana juyawa kullum, ke ce ba kya juyawa. Ban taɓa tambayar kowa alƙibla ba muddin kina numfashi.

Yanzu fa? Idona ya yi hazo, ya farar kurciyata. Ina shimfiɗa tabarma biyu har yau, hannuna ya ƙi koyon ɗaya. Wani lokaci ina tsakiyar salla sai in ji an ja bakin rigata, a hankali, irin jan nan naki. In na sallame in duba, ƙusa ce ta kama ni. Amma wallahi sau da yawa sai in tarar na karkace, in gyara, in sake.

Abin da ke cin raina ga shi. Ranar da zazzaɓi ya ɗauke ki a hanyar Madina, gaba da garin Rabig kaɗan, ni da wasu direbobi muka sa ki a gindin wata ƙaya, muka aza duwatsu biyu, ba suna, kamar yadda ake yi a ƙasar nan. Na ce a raina ba zan taɓa ɓata wurin ba. Kowace tafiya nakan tsaya in yi miki sallama, in ba ki labarin kasuwa. To an shimfiɗa sabuwar kwalta, ta kauce wa tsohuwar hanya, rairayi ya bi ya rufe. Bara na je, na yi ta zagaye har mai ya kusa ƙarewa. Ƙayoyi duk iri ɗaya! Na tsaya a gindin wannan na kira ki, na koma gindin waccan na kira ki. Wace ce taki, hasken zuciyata? Na ɓatar da ke sau biyu ke nan?

Hamad, ɗan ƙanena, ya zo jiya ya karɓe makullin. Ya ce ya isa haka, idona ba na tuƙi ba ne, in koma ɗakin da ya gyara mini a unguwar Kurayyat, nan cikin Jidda. Yaron kirki ne, kada ki yi fushi da shi. Na roƙe shi ya bar ni a motar, ko da ba za ta ƙara motsi ba, ya yarda. Ke nan ba zan sake zuwa neman ki ba. A Jidda za a binne ni, ke kina can cikin rairayi, tsakaninmu tafiya mai nisa. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Amma yau da hantsi, ina naɗe tabarmarki, wani abu ya faɗo mini. Da hannuna na kwantar da ke a gefen dama, fuskarki tana duban Ka'aba, kuma a wannan karon na tambaya, na tabbatar, ban yi kuskure ba. Ni ma haka za a kwantar da ni. Ke daga arewa, ni daga bakin teku, idanunmu a kan Ɗaki ɗaya. Ki ci gaba da dubawa, Barakatu, kada ki gaji. Na kusa kwantawa in dube ki ta can.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a tashe mu,

Salihu mai mota