Izinin Hannun Hagu

Briketeri, Yawunde
Watan Maris, 1980

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya ciwon gwiwar? Ya mutanen gida da na Ngaundere baki ɗaya? Jaratu, ke da za ki karanta mata, ki bi a hankali kar ki tsallake komai, kuma ban da dariya.

Ni lafiya lau. Kawu Garga yana riƙe da ni da kyau. Aikina a wajen suyarsa shi ne yanka albasa da soka nama a tsinke da hura wuta. Garin nan Inna duk tudu ne da gangare, ruwa kuma ba ya sallama, kana tsaye sai ka ji shi a ka.

Akwai abin da na shiga, sunansa tekwando. Ba dambe ba ne, ba kokawa ba ce, kuma ba rawa ba ce duk da Kawu ya ce rawa ce. Abokina Ƙasimu, tela ne a layinmu, shi ya kai ni, shi ya ɗinka mini fararen kayan da buhun fulawa. Ana yi bayan la'asar a wani ɗakin lekol, wato makaranta, a unguwar Tsinga. Malaminmu Metir Esomba, tsohon soja ne, gajere. Ba ya jin Hausa, ni kuma faransancina bai wuce na sayar da suya ba, sai Ƙasimu ya riƙa juya mini magana.

Kowa da farar ɗamara yake farawa. In ka iya pumse na farko a ba ka rawaya. Pumse ɗin nan faɗa ne da mutanen da ba sa nan. Ka juya ka kare, ka taka ka naushi iska, ka sake juyawa, duk a jere kamar karatun sura, ba a sa aya ta biyu gaban ta farko. Tun da na zo garin nan, nan ne kaɗai nake jin ni ma wani ne, don in an jeru a layi ba wanda ya san ni baƙo ne.

To Kawu ya ce lokacin da nake tafiya shi ne lokacin gyaran nama. Ya ce zai yi haƙuri har ranar ekzame, wato jarrabawa. In na samo rawaya in ci gaba, in ban samo ba in ninke buhun fulawata in dawo ga albasa.

Ga damuwar. Pumsen da hagu ake fara shi. Ka juya hagu, ka kare da hannun hagu. Ni kuwa da zarar Metir ya ba da umarni sai hannun ya tsaya. Kowa ya wuce, ni ina nan. Jiya jikina ya juya dama da kansa, na naushi Ƙasimu a kunne. Ya ce ba komai, amma yau a nesa da ni ya tsaya.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Baba Alim da su Hawwa.

Ɗanki,
Lado

Briketeri, Yawunde
Watan Afrilu, 1980

Innata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Wannan takarda Hajja Karimatu ce za ta kawo miki, mai zuwa sarin kilishi a jirgin ƙasa. Don Allah kar ki bar ta ta dawo ba amsa.

An gano abin da ke damuna. Ran nan muna hutawa, Metir ya kira sunana, ina waiwayowa sai ga lemo ya nufo fuskata. Ban san lokacin da na cafe shi ba. Da na duba, a hannun hagu yake. Metir ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce a gaya mini hannun ba mutuwa ya yi ba, tsoro yake ji, tsoron wa? Na ce tsoron Inna. Ƙasimu ya ƙi fassarawa sai da na rantse masa da gaske nake.

Inna kin san bahago kika haife ni. Kin san yadda kika yi fama da ni, in na miƙa hagu ki ɗan buga shi da ludayi, ko ki yi gyaran murya daga ɗaki. Ba ƙorafi nake ba, tarbiyya kika yi mini, ga shi ko'ina na shiga ana cewa ina da ladabi. Amma yanzu duk sanda zan ɗaga shi sai in ji gyaran muryar nan a bayana, ko da Metir yana ihu a gabana. Muryarki ta fi tasa ƙarfi.

Na gaya wa Kawu. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, shi ƙaninki ne, ya ba ni izini a madadinki. Har ya kama hannun ya tofa masa addu'a gaban masu sayen suya, wani ɗan taksi ya ce amin. Washegari na je Tsinga da murnata, aka ba da umarni, hannu ya tsaya kamar jiya. Da na dawo na faɗa masa sai ya ce bai yi mamaki ba, shi ma har yau in ya tuna da ke, gyara zama yake yi.

Sauran pumsen duk na iya. Ina yi a bayan gida, ina yi a hanyar Mokolo in an aike ni sayo yaji, har wata mai doya ta janye tirenta. Hagun nan ne kawai, kuma a cikin pumsen ana komawa gare shi sau da yawa.

Don haka ina roƙonki ki sake mini shi. Ba don cin abinci ba, ba don miƙa wa manya abu ba, don tekwando kawai. Ekzame ya kusa. In kin ce a'a na haƙura, albasa ma sana'a ce, amma zan ji ciwo.

Ɗanki mai biyayya,
Lado

Briketeri, Yawunde
Watan Mayu, 1980

Inna,

Assalamu alaikum, ya gida, ya jiki? Jaratu, wannan kam kina iya dariya.

Har ranar ekzame Hajja ba ta dawo ba, ashe suna ya riƙe ta a can. Haka na tafi Tsinga ba amsa. Kawu ya bar wajen suya ya biyo ni, wai ya zo ya ga ƙarshen rawa. Manya masu baƙar ɗamara suna zaune bayan tebur, ba mai murmushi. Aka kira ni da Ƙasimu da wasu. Ƙasimu ya roƙa a sa shi ta hagu da ni, ya ce nan ne ya tabbata ba abin da zai same shi.

Mun tsaya za a fara, sai hayaniya a ƙofa. Hajja ce, daga gar take, wato tashar jirgi, da ƙunshin kilishi a ka, mai gadi yana tare ta tana ture shi. Daga can ta ɗaga murya ta ce, “Lado, Innarka ta ce ta sake maka shi. Ka bugi duk wanda suka ce ka buga. Amma ranar da ta ji ka sa shi a kwano, da kanta za ta hau jirgi.”

Manyan tebur suka tambayi me ta ce. Metir ya ce musu saƙon gida ne, a ci gaba.

Inna, da aka ba da umarni ban ji gyaran murya ba. Hannun ya fita da kansa, har rigar ta yi ƙara. Na juya, na kare, na taka, na nausa, ban san sanda na kai ƙarshe na yi ihun da ake yi ba. Sai da na dawo inda na fara na ga Kawu a tsaye ya cire hula yana fifita da ita.

An ba ni rawaya. Metir da kansa ya ɗaura mini. Kawu ya ce tun farko shi ya san zan ci, kuma yanzu duk wanda ya zo sayen suya sai ya ji labarin kafin a naɗe masa. Hajja ta ce kin yi dariya har da hawaye da aka karanta miki, kuma kin ce a tambaye ni ko ina cin abinci. Ina ci, da dama.

Saura abu ɗaya. Wannan takarda da hagu na rubuta ta. Na ce bari in gwada layi ɗaya, sai na ga alƙalamin yana gudu, ban iya tsayawa ba. Jaratu za ta nuna miki yadda layukan suka miƙe. Na san rubutu ba ya cikin abin da kika sake, shi ya sa nake gaya miki da kaina. Hajja za ta sake zuwa sari, ki ba ta amsa. Amma don Allah wannan karon ta faɗa mini a gida.

Ɗanki mai rawayar ɗamara,
Lado