Karatuna Ne Yake Cinye Moton Yayana

Assalamu alaikum Admin, a taimaka a ɓoye sunana. Jama'ar wannan zaure barkanmu da war haka, don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ban iya gajarta zance ba.

Ni ɗaliba ce a nan Garwa, shekarata ta biyu a wata makarantar kuɗi, ina karanta kontabilite, wato lissafin kasuwanci. Babanmu mahauci ne, ya rasu ina ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, bai bar wani abin a zo a gani ba. Da aka raba gado nawa kason ya tafi a kuɗin shekarar farko, yayana kuma, Hamma muke ce masa, ya haɗa nasa kaf ya sayi moto, wato babur, sabo dal ya shiga ɗaukar fasinja. Da moton nan yake ciyar da Innarmu, da matarsa da jaririyarsu, kuma tun da nawa kason ya ƙare shi ya ɗauki karatuna, kuɗin makaranta, fotokofi, data, har kai ni yake yi kullum da safe kafin ya fara aiki. Bai taɓa yi min gori ba ko da wasa. Iyakar abin da yake yi shi ne ya kira ni Madam Kontabil a gaban abokansa, ni kuma in ce ya bari.

A zangon da ya wuce aka koya mana wani abu da ake kira amortisma. A taƙaice, duk abin da kake sana'a da shi yana ƙarewa a hankali kamar sabulu a ruwa, don haka dole kullum ka ware wani abu daga cinikinka ka ajiye, ranar da ya mutu ka sayi wani. Abin da ka ware ɗin nan ba riba ba ce, jikin kayan aikin ne ya dawo hannunka. Malaminmu ya ce kowa ya nemo sana'a ta gaske ya yi aiki a kanta, ni da na ga banza a gida sai na ɗauki ta Hamma. Ina tambayarsa yana ba ni amsa da fara'a, abin da yake samu, na zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, da yake zubawa a tanki, na gyara, na cefane, da ɗan abin da ake miƙawa a hanya. Shi a wajensa duk abin da ya rage bayan waɗannan riba ce, kuma daga ita yake biya min.

Da na zauna na buga, abin da ya kamata ya ajiye a shekara don sabon moto, da abin da yake kashewa a kaina a shekara, kusan ɗaya suka fito kamar an auna da mudu. Na sake bugawa ko na yi kuskure, ban yi ba. Ashe babu wata riba, gadonsa nake ci. Na ce wa kaina ai ba ni nake ci ba makaranta ce, amma wannan ba cinya ba ƙafar baya ne. Ban yi kuka ba, gabana ma bai faɗi ba, na rufe littafi na tashi na wanke kwanuka.

Aikin nawa ya fi na kowa maki. Malam ya karanta shi a aji, da yake ban sa suna ba, sai ya ce mai wannan moton yana cin jarinsa yana hamdala. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Da yamma Hamma ya ji na zo ta ɗaya, ya tsaya ya sayo min tsire mai zafi, ya tambaye ni a kan me aka yi aikin, na ce lissafi ne kawai. Na ci tsiren tas, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Tun daga ranar haka nake. Ina zuwa aji, ina cin jarrabawa, ina gaishe da mutane, amma kamar ba ni ba. In na ji ƙarar motonsa a ƙofar gida, da can daɗi nake ji, yanzu kaina ne kawai yake cire darajar da moton ya rasa yau. Kuma moton ya fara nunawa, yana hayaƙi, yana shan mai, da safe sai an tura shi.

Na gwada faɗa wa Inna. Ban kai ƙarshe ba ta ce bakina ya sari ɗanyen kashi, wai boko ya koya min yi wa abincin gida mugun baki, arziki na Allah ne ba na kalkuleta ba. Na ce ban musa ba, amma ƙarfe yana tsufa. Ta ce kar ta sake ji, kuma kar in kuskura in kashe wa yaro gwiwa. Kwana biyu tana amsa min gaisuwa da ka.

Shi ma na ɗan taɓa masa, muna kan hanya wajen Jambutu ina bayansa, na ce Hamma in moton nan ya tsaya fa? Ya daki tanki yana dariya ya ce wannan ai sai ya ga jikokinsa. Can kuma ya ce ni dai in yi karatu, ni ce sabon motonsa. Na san waɗanda suka gama shekara biyu kafin ni, da yawansu suna zaune a kiyos, 'yan rumfunan bakin titi, suna tura wa mutane kuɗi a waya, abin da ake ba su ko cefanen gidanmu ba zai yi ba, balle moto.

Abin da ya sa na rubuto yanzu, ƙarshen watan nan shi zai kwashi adashin da suke yi da abokan aikinsa. Na lissafa, in ya sayar da tsohon yanzu da sauran darajarsa ya haɗa da adashin, zai iya fitar da sabo. In ya bari ya ƙara wata shida ko bakwai, sai dai masu sayen ƙarfe. Shi kuwa ya riga ya faɗa wa kowa kuɗin na rajistar shekarata ta ƙarshe ne. In na karɓa, wataƙila in gama, amma zai iya wayar gari yana tuƙa moton wani yana kai balas kullum, ga iyali. In ban karɓa ba, shekara biyu da gadona da nasa sun tafi ba takarda.

Kuma na san halinsa. In na zaunar da shi na nuna masa, ƙila ya ce duk da haka in karɓa, kun ga ban ceci komai ba, na dai raba shi da farin cikinsa. Ƙila kuma ya yi shiru ya zaɓi moton, wanda shi ne daidai, amma gaskiya ban san da wane ido zan riƙa kallonsa ba, kuma ina jin kunyar wannan. Har na yi tunanin in yi masa ƙarya in ce makaranta ta dakatar da mu shekara guda, ya sayi motonsa hankali kwance.

To jama'a me zan yi? In faɗa masa gaskiya in bar shi ya zaɓa, ko in yi ƙaryar in janye da kaina, ko in bi maganar Inna in ja bakina in karɓa? Masu cewa in yi addu'a ina yi, abin da zan ce masa nake nema kafin ƙarshen wata. Gobe ma da safe ni zan tura masa moton ya tashi, sannan in hau baya ya kai ni makaranta.