Hannuwan Inna a Gwanjo

Daren Asabar, Kabo

Alhamdu lillahi. Har yanzu bakina ya ƙi rufuwa.

Yau aka sa aikin ƙanena Nura a gwanjo a Legas. Siffar hannuwan Inna ce riƙe da faifai, ya ƙera ta da tagulla. Bayan la'asar muka taru a tsakar gida muna kallo a wayata. Ina ta addu'a kada a rasa mai tayawa, don Baba ya daɗe yana cewa yaron ya bar gona ya kama shirme.

Ashe rububi za a yi! Wannan ya taya, wancan ya ƙara. Inna ta dubi tafukanta ta ce, "Oh ni! Waɗannan da suka sha surfe ake wa wannan faɗa?" Muka yi ta dariya.

Baba na gefe kan tabarma, wai shi ba ruwansa. Can ya karɓi wayar, ya daɗe yana duban hoton.

"Har tabon ƙunar nan ya sa," in ji shi a hankali. Sai ya miƙo min. "Hadiza, kira min shi. Ni zan fara yi masa barka."